Daga Dandali Zuwa Dandamali: Yadda Wasan Kwaikwayo Ya Hau Sama Ya Bar Mu A Ƙasa

Yau za mu ɗan ajiye zancen farashin tiyar hatsi da na canjin naira da sefa, mu leƙa wani wuri da yawancinmu mun taɓa shiga amma ba kowa ne ya tsaya ya dubi yadda aka gina shi ba, wato ɗakin wasan kwaikwayo, ko teyatur kamar yadda bakinmu ya saba a nan Nijar. Wani zai ce ina ruwan mai sayar da barkono da ginin ƴan wasa? To, a biyo mu sannu a hankali, za a ga inda ruwanta yake.

Abin da ya jawo maganar shi ne wani taron faɗakarwa da aka kira mu mu gabatar a nan Matameye, da yake riƙe makirfo shi ne sana'armu. Wasu matasa ne suka shirya wasa a kan tauye awo da cin bashi a ƙi biya, aka yi shi cikin wani babban ɗaki, a kan dandamali mai tsawo, da labule da fitilu. Kujerun gaba na manyan baƙi ne, bayansu maza a kan benci, can wajen ƙofa kuma mata ne a tsaitsaye da goyo, yara sun liƙe a tagogi. Mu da ke sama fitila ta dalle mana ido, ba ma ganin kowa bayan layi na uku. Da aka tashi muka tambayi wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai a bakin ƙofa abin da ta ƙaru da shi, sai ta yi dariya ta ce ita dai rawuna ta gani da ƙeyar mutane, maganar kuwa iska ta yi gaba da ita.

Bayan mako biyu matasan suka maimaita wasan, amma a fili, gefen ƴan hatsi, da la'asar sakaliya ranar kasuwa. Jama'a suka yi musu zobe. Wanda ya fito a matsayin ma'auni ya fara awo yana ɗan karkata tiya, sai wata tsohuwa ta ajiye ƙwaryarta ta shigo tsakiyar fili, ta karɓe tiyar daga hannunsa, ta ce yaro ne, bai san yadda ake yi ba. Nan take ta nuna wa duniya yadda macuci ke buga gindin tiya ya lotsa ciki, da yadda yake share tozon da gefen hannu yana ɗauke hankalin mai saye da hira. Wuri ya kaure da sowa. Har kasuwa ta zagayo ana zancen. Wasan bai canza ba, ƴan wasan ma su ne dai. Abin da ya canza shi ne inda aka tsaya da inda aka zauna.

Dandamali mai fuska guda

Irin ginin da muka fara ambata Turawa na kiransa furoseniyom, Faransawa kuma sukan ce teyatur irin na Italiya. Mu a nan za mu kira shi dandamali mai fuska guda, domin ta fuska ɗaya tak ake kallonsa. Ga yadda yake. Ana raba ɗaki gida biyu. Kashi ɗaya na ƴan kallo ne, kujeru a jere duk suna duban gaba kamar ƴan lakkol a gaban mushe. Ɗaya kashin na ƴan wasa ne, an ɗaga daɓensa kamar mita guda. Tsakaninsu akwai bango, a jikin bangon an bar wata ƙatuwar ƙofa, wani lokaci mai kusurwa huɗu, wani lokaci samanta a lanƙwashe kamar bakan gizon da maginanmu ke ɗaurawa a zaurukan sarakuna. A bakin wannan ƙofa labule yake, ta cikinta kuma ake hango wasa, kamar mai kallon hoton da aka rataye a bango.

Abin da ɗan kallo ba ya gani ya fi wanda yake gani yawa. Dama da hagu akwai lunguna inda ƴan wasa ke laɓewa su jira lokacin fitowarsu, su canza riga, su liƙa gemun auduga. A manyan gidajen wasa na Turai sama ma akwai sarari mai tsawo da igiyoyi, inda ake janye zanen daji a sauko da zanen fada cikin ƙiftawa da bismilla, kamar yadda ake jan guga a rijiya. Ƙarƙashin daɓen akwai rami mai ƴar murfi da mai wasan aljani zai ɓullo ta ciki, a gaban dandamalin kuma akwai wani ramin da makaɗa ke zama don kada su tare wa mutane gani.

Duk mai shago ya san wannan tsari ko da bai taɓa shiga teyatur ba. Kanta a gaba, kaya a jere suna fuskantar mai saye, sito a baya inda buhuna da kwalaye ke jibge, kuma mai saye ba ya tsallake kanta. Mai kasa kaya a tabarma kuwa ta kowane gefe ake zo mata, a durƙusa a taɓa tumatir, a yi ciniki ido da ido. Dandamali mai fuska guda shago ne mai kanta. Dandalinmu na gargajiya kasa kaya ne a ƙasa.

Asalinsa gaban rumfa ne

Abin mamaki, kalmar da kanta ba ta da nisa da kasuwa. Daga Girkanci ta fito, kuma ma'anarta gaban rumfa ko gaban tanti. Mutanen Girka na da, fiye da shekara 2,000 da suka wuce, a fili suke wasa, jama'a na zaune a jikin tudu sun kewaye fage fiye da rabi. Bayan fagen akwai ƴar rumfa inda ƴan wasa ke canza kaya, wurin da ke gabanta shi ne furoseniyom na asali. Filin wasan garin Efidoros, wanda ke nan har yau, yana ɗaukar mutum kusan 14,000. A Ingila ma gidan wasan Shakisfiya da aka gina a Landan a 1599 jama'a ta gefe uku suke kewaye ƴan wasa, talaka ya biya kwabo ɗaya ya tsaya a tsakar gida, ƴan talla na ratsa mutane da kayan taunawa. Ke nan Turawa ma da zobe suka fara.

Sarakunan Italiya ne suka sauya abin. Masu zanensu sun ƙware wajen zana titi a jikin allo yadda gidajen nesa za su ƙanƙance, kamar yadda itatuwa ke ƙanƙancewa in mutum ya miƙa ido a kan hanyar Damagaram. Wani magini mai suna Serlio ya buga littafi a 1545 da ya nuna yadda za a yi haka a fagen wasa. To amma irin wannan zane ba ya ruɗin ido sai an tsaya daidai gabansa, kuma sai an rufe gefunansa don kada a ga katako da igiya. Abin da ya haifi ƙofar nan ke nan. Kujera ɗaya ce a duk ɗakin da zanen ke fita sosai daga kanta, a tsakiya, a ɗan tudu, kuma ta sarki ce. Faransawa har suna suka ba wurin, wai idon sarki. Kusancin mutum da wannan kujera shi ke nuna darajarsa. Saboda haka in kun ga manyan baƙi a gaba, talakawa a bakin ƙofa, ba a Matameye aka fara ba, da haka aka haifi ginin.

Mafi tsufa a cikin irin waɗannan gidaje masu ƙofa ta dindindin da ya rage a duniya yana garin Farma na Italiya. Wani magini Aleotti ya yi shi da katako a 1618 bisa umurnin sarkin garin, amma ba a yi wasa a ciki ba sai 1628, ranar bikin auren ɗan sarkin. Saboda tsadar shirya wasa a ciki, sau tara kacal aka yi amfani da shi cikin fiye da shekara 100. Masu riƙe da baitulmalin jama'a su lura da wannan.

A 1637 aka buɗe wani gidan wasan waƙe a birnin Banis wanda duk mai kuɗin tikiti zai shiga, attajirai na kama ƴan ɗakunan da ke jikin bango haya ta shekara, tamkar yadda ake kama rumfa a kasuwa. Daga nan wasa ya zama haja. A 1641 wazirin Faransa, Rishaliye, ya gina irinsa a gidansa da ke Pari, kuma a nan ne Moliyar, wanda ƴan lakkol ɗinmu ke karantawa, ya yi wasanninsa daga 1661 har ya mutu a 1673. A 1758 wani marubucin Faransa, Didaro, ya shawarci ƴan wasa su ɗauka akwai bango a bakin dandamali, su yi harkarsu kamar babu mai kallonsu. Shi ne ake kira bango na huɗu: ɗaki na da bango uku na gaske, na huɗun ido ne kawai ke ratsa shi. A 1876 mawaƙin nan na Jamus, Wagna, ya buɗe gidansa inda ake rage hasken wajen ƴan kallo a bar na dandamali, a 1881 kuma aka haska wani gidan wasa a Landan da lantarki gaba ɗaya. Daga nan ɗan kallo ya koma cikin duhu, ya kama bakinsa, sai tafi in an gama.

Mu da me muka gada?

Kafin zuwan Nasara ƙasar Hausa ba ta rasa wasa ba. Akwai tashe da yara ke yi gida gida daga goma ga azumi. Akwai wasan kara da ƙasar Damagaram ta yi suna a kai, inda bayan an kawar da amfanin gona matasa ke ƙera bindiga da mota da kara, wani ya zama sarki, wani alƙali, wani kwamandan, ana kwaikwayon manya a gabansu suna dariya. Akwai ƴan kama masu kwaikwayon malamai da zancen tuwo da fura, akwai ƴan gambara, akwai gardawa masu kura da maciji, akwai hawan ƙaho na mahauta. Duk waɗannan a zobe ake kallonsu. Wanda ya riga zuwa shi ke gaba, yara na zaune a ƙasa, manya na tsaye a baya. Ba tikiti, sai kyauta da liƙi: wanda ya ji daɗi ya shiga fage ya ba da dala ko jaka gwargwadon ƙarfinsa, ya fito.

Dandamali mai fuska guda ta ƙofar lakkol ya shigo mana. A makarantar William Ponty ta Senigal, inda Faransawa ke horar da malamai da ma'aikata na ƙasashen da suke mulka, an riƙa sa ɗalibai shirya wasanni a shekarun 1930, har aka kai su Pari suka yi wasa a 1937. Jori Hamani da Bubu Hama da Jibo Bakari duk a can suka yi karatu. Malaman da suka dawo gida su suka kawo al'adar wasan ƙarshen shekara, a haɗa tebura a yi tudu, a rataya zane a igiya a matsayin labule, kwamandan na zaune a gaba. A ƙetaren iyaka ma haka: Rupert East ya fitar da littafin wasanni shida na Hausa domin makarantu a shekarun 1930, daga baya Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu. A nan gida ɗan Damagaram, Andre Salifu, ya rubuta wasa da Faransanci a kan Sarki Tanimun, aka buga shi a 1973.

Amma zamanin da teyatur ya shiga jinin talaka shi ne na samariya. Bayan Saini Kunce ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, an farfaɗo da samariya a gari da ƙauye, a 1976 kuma aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram, daga nan ya riƙa zagaya manyan birane. Ana gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, sai ƙungiya ta yi nasara a gida kafin ta wakilci jaharta. Gidajen matasa suka samu dandamalin siminti a ƙarshen fili, da bango a baya, da katanga kewaye, alƙalan gasa na zaune a gaba da takarda da bik. A Yamai cibiyar al'adu da ke ɗauke da sunan Umaru Ganda, ɗan fim ɗin nan da ya rasu a 1981, tana da filin kallo mai hawa hawa wanda ba shi da rufi. Iyayenmu da suka ga wannan zamani har yau in an ambaci Yazi Dogo, malamin makarantar da ya yi suna da ƙungiyarsa a Damagaram, sai ka ga murmushi a fuskarsu. Wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta zauna da ƙungiyoyin nan har ta buga littafi a kansu a 1987.

Abin sha'awa shi ne, Bahaushe ya karɓi dandamalin amma bai karɓi bango na huɗu ba. Ƴan wasanmu ba haddar takarda suke yi ba, sukan shirya ƙashin labarin tare, kowa ya zuba maganarsa a kai. Ƴan kallo kuwa ba su taɓa yarda su yi shiru ba: a yi wa azzalumi ihu, a gargaɗi amarya cewa ga kishiya nan ta laɓe, ɗan wasa ya jiyo ya mayar da martani. Da tele ta zo a ƙarshen shekarun 1970 ta fara ɗaukar wasannin, sai ƙofar nan ta ƙanƙance ta koma gilashi. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset a 1990, sai ta shiga ɗakunan matan aure. Yau ga ta a tafin hannu cikin wayar salula. Duk jikokin ƙofar Farma ne, kuma a cikinsu babu wanda tsohuwa za ta iya shiga ta karɓe tiya.

Riba da hasara

Kada a ce mun kushe dandamali, domin yana da ranarsa. Bangon baya na turo murya gaba, kowa na ganin fuskar ɗan wasa lokaci guda, ana iya nuna ɗaki da kotu da asibiti a dare ɗaya ta hanyar jan labule, ana iya ɓoye abin da za a ba mutane mamaki da shi. Uwa uba, inda akwai katanga da ƙofa akwai tikiti, inda akwai tikiti ɗan wasa zai san abin da zai kai gida. Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin cewa sana'ar da ba ta ciyar da mai ita ba ta daɗewa. A zobe, da an ga faranti ya fara zagayawa sai ka ga rabin jama'a sun tuna da aikin da suka bari.

Zobe ma na da tasa matsala. Duk inda ɗan wasa ya juya ya ba wasu baya, muryarsa na watsewa a iska, ga kukan jaki ga hon ɗin mota, ba kuma inda zai ɓuya ya canza kaya.

Hasarar dandamali kuwa ta fi faɗawa kan wanda ba shi da galihu. Wanda ke can gefe rabin fage yake gani. In daɓen ƴan kallo a shimfiɗe yake ba hawa hawa ba, daga layi na biyar sai ƙeya. Yana buƙatar lantarki ko injin wuta da lasifika, in wuta ta ɗauke wasa ya mutu. Da dare ake yinsa, lokacin da mai abincin sayarwa ke kan tukunya, matar aure kuma ba ta fita. Tsawon dandamalin kansa yana gaya wa na ƙasa cewa nasa saurare ne. Mace mai kunya da za ta iya jefa magana daga cikin ƴan uwanta a zobe ba za ta taɓa taka matakala ta hau gaban manya ta karɓi makirfo ba.

Waɗanda suka sauko ƙasa

Masana harkar sun daɗe da gane haka. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a tsakiyar shekarun 1970, malamin wasan kwaikwayo Michael Etherton da magini Steven Ehrlich sun gina gidan wasa da jar ƙasa, da hannun maginan gargajiya, a siffar gidan Bahaushe: ɗakuna kewaye da tsakar gida, ana iya wasa a tsakiya ko a ƙofar kowane ɗaki, ƴan kallo su juya inda wasa ya juya. Daga baya malamai da ɗaliban wurin suka fita ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolinsu. A Barazil, Augusto Boal ya fito da salon da ake tsayar da wasa a tsakiya a ce wa ɗan kallo ya shigo ya nuna yadda shi zai warware matsalar. A Wagadugu, Prosper Kompaoré ya kafa ƙungiyarsa a 1978, ta yi suna wajen kai irin wannan wasa ƙauyukan Burkina Faso. Abin da tsohuwar nan ta yi a gefen ƴan hatsi ba tare da kowa ya koya mata ba, shi ne wasu ke zuwa jami'a su karanta.

Misali mafi kusa ma yana hannunmu. Tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, filayen kokowar da hukuma ta gina a manyan biranenmu zagayayyu ne, ƴan kokowa a tsakiya, jama'a hawa hawa ta kowane gefe. Ba wanda ya taɓa tunanin ɗora ƴan kokowa a dandamali mai labule, kuma ba taron da ke cika kamar nasu.

Ina ruwan ɗan kasuwa?

Ruwansa na farko shi ne kuɗinsa. Harajin rumfa da tikitin kasuwa da ake karɓa duk mako suna cikin abin da ma'aikatun magajin gari ke aiki da shi. Duk ranar da aka tashi gina ɗakin taro ko gyara gidan matasa, ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata na da bakin magana, kuma tun kafin a zuba tubali ya kamata su yi ta. Ga abin da muke ganin ya dace a nema.

Na farko, a yi dandamalin da ya shigo cikin jama'a, a kewaye shi ta gefe uku, a bar bango a baya kawai. Haka an samu wurin laɓewa da turo murya, an kuma samu kusanci. Kada tsawonsa ya wuce gwiwa da yawa, a sa masa matakala ta gaba mai faɗi da tsohuwa za ta iya takawa. Na biyu, wurin zama ya zama hawa hawa, ko da na ƙasa ne da aka daɓe, a ware wa mata gefe guda tun daga layin gaba har baya, maimakon a tura su bakin ƙofa. Na uku, in fili ne marar rufi, bangon ya kasance ta gabas. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hadarin damina ma galibi daga gabas yake tasowa, sannan da la'asar rana za ta kasance bayan ƴan kallo tana haska ƴan wasa, fitila ta kyauta ke nan. Na huɗu, a tanadi inuwa a bakin ƙofa domin masu ƙosai da gyaɗa da rake da ruwan sanyi, domin daren wasa daren ciniki ne, su ma ƴan kallo ne da ya kamata su ji abin da ake faɗa.

Na biyar, kuma shi ya fi muhimmanci, ƙofofi. Ɗakin da ya tara ɗaruruwan mutane cikin duhu, ga labule ga waya ga injin wuta, tarko ne in ƙofarsa ɗaya ce. A 1881 gobara ta kashe ɗaruruwan mutane a wani gidan wasa na birnin Biyana, abin da ya sa Turawa suka tsananta dokar labulen ƙarfe da ƙofofin gudu. Ba sai mun je nesa ba: ran 13 ga Mayu 1951 gobarar sinimar El-Duniya a Kano ta ci rayuka 331. Wanda ya taɓa ganin gobarar kasuwa ba ya buƙatar dogon bayani. A yi ƙofofi da yawa masu buɗewa waje, kada kuma a sa musu kwaɗo don gudun masu shiga ba tikiti.

Ruwansa na biyu shi ne saƙon da ake kawo masa. Ƙungiyoyi da dama na kashe kuɗi wajen shirya wasanni a kan rigakafi, da tamowa, da awon ciki, da karatun ƴaƴa mata, da bashin asusu. Wa ake nufi da su in ba matan nan na kasuwa ba? In an yi wasan a ɗakin da waɗanda ke gaba sun riga sun san zancen, waɗanda ake nufi kuma suna waje, an yi shuka a kan dutse. Shugabannin mata su riƙa gaya wa masu shiryawa kai tsaye cewa a kawo wasa inda muke, a lokacin da muke da sarari, a kuma bar mana fili mu mayar da magana. Da ɗan gari a kan ci gari.

Mu kuma ƴan kallo akwai namu. In matasa sun sauko daga dandamali sun zo mana har gaban rumfa, kada mu watse in faranti ya zagayo. Dala ashirin daga kowace rumfa ba ta karya jari, amma ita za ta sa su dawo wata kasuwar. Mai shago da ke son a san hajarsa ma zai iya ɗaukar nauyin wasa guda a ambaci sunansa, kamar yadda ake yi a filin kokowa.

Matasan nan da muka ba ku labarinsu sun ce daga yanzu duk wasan da suka shirya sau biyu za su yi shi, ɗaya a ɗaki da tikiti, ɗaya a kasuwa a zobe. Tiyar da tsohuwar ta lotsa musu kuwa sun adana ta cikin kayan wasa, da ita suke fitowa. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mu da tauye awo, Ya kare dukiyoyinmu daga gobara, amin. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili.